Zaiba Suna Ce Ta Tara: Yadda Zafi Ke Tona Nau'inta a Cikin Ƙasa da Laka

Duk wanda ya taɓa buɗe kundin furojet na 'yan ajin ƙarshe a sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, ko na fasahar ma'adinai, ya san irin jimlar nan: an auna ƙasar wuri kaza, an samu zaiba miligiram kaza a kowane kilo, adadin ya haura ƙa'ida, don haka ana kira ga hukuma da ta ɗauki mataki. Shi ke nan, a sa hannu, a kai wa mai ɗaurin littafi. Lambar ba ƙarya ba ce, amma rabin labari ce. Ranar kare furojet, idan malamin da aka gayyato daga waje ya gyara zama ya ce, "To malam, wace zaibar ke nan?", a nan za ka ga gumi yana keto wa ɗalibi ko da fanka tana juyawa.

Tambayar ba tarko ba ce. Zaiba, wadda a aji muke kira makuri, mai alamar Hg da lamba 80 a jadawalin sinadarai, ba ta zama da siffa ɗaya a cikin ƙasa. Akwai zallarta, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da muka sani a tsohon ma'aunin zafin jiki, wanda ake rubutawa Hg0. Akwai wadda ta haɗu da kulorin ta zama gishiri, HgCl2. Akwai wadda ta haɗu da farar wuta ta zama HgS, ja ko baƙa. Akwai wadda ta maƙale a jikin ruɓaɓɓen ganye da saiwoyin da suka narke cikin ƙasa. Sannan ga uwa uba, zaibar metil, wadda ke taruwa a jikin kifi. Sunansu ɗaya, amma halinsu ya sha bamban ƙwarai.

Ku dubi bambancin da kanku. Mutum zai iya haɗiye ɗigon zallar zaiba, hanjinsa bai tsotsi ko kashi 1 cikin 100 ba, ta wuce abinta. Amma idan ya shaƙi tururinta, huhu yana ɗauke kusan kashi 80 cikin 100, ta bi jini ta isa ƙwaƙwalwa. Gishirin HgCl2 yana narkewa a ruwa sosai, wajen giram 7 a cikin mililita 100, saboda haka ruwan sama ɗaya ya isa ya kai shi rijiya, kuma ƙoda yake fara ci. HgS kuwa yana cikin abubuwan da suka fi ƙin narkewa a ruwa a duk ilimin sinadarai. Zai iya kwanciya a ƙasa shekaru aru-aru bai motsa ba. Ita zaibar metil, idan aka ci ta a kifi, kusan kashi 95 cikin 100 ke shiga jiki, tana kuma tsallakawa daga uwa zuwa ɗan tayi. Ita ce ta jawo cutar Minamata a Japan, wadda aka tabbatar da ita a hukumance a 1956, bayan masana'antar Chisso ta daɗe tana zuba dagwalonta a teku.

To kun ga filaye biyu za su iya ba da lamba ɗaya, a ce miligiram 50 a kilo, ɗaya yana buƙatar a kwashe yara daga wurin yau-yau, ɗayan kuwa a rufe shi da ƙasa mai kyau a hana tono ya wadatar. Hukumar da ke da kuɗin gyara fili ɗaya kacal tana buƙatar sanin wanne ne wanne. Mu nan ma mun ga irin wannan darasi, ko da yake a kan wani ƙarfen daban. A bala'in gubar dalma na Zamfara a 2010, wanda ya kashe yara aƙalla 400, masu bincike sun gano cewa dalmar da ke cikin duwatsun zinaren ta riga ta rikiɗa zuwa nau'in da ke narkewa cikin sauƙi a tumbin mutum, abin da ya ƙara wa lamarin muni. A kula dai: dalma daban, zaiba daban. Ɗalibai da yawa suna cakuɗa su a jarrabawa. Abin da ya haɗa su shi ne wurin: masu haƙar zinare na gargajiya da zaiba suke kama zinare, a Zamfara da Neja da Kebbi da sauran wurare, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna wannan sana'a ce kan gaba wajen sakin zaiba cikin iska a duniya, kusan kashi 38 cikin 100 na duk abin da ɗan Adam ke saki.

Dabarar kaskon turare

Hanyoyin gane nau'in zaiba a samfur mai tauri, wato ƙasa ko laka ko toka, kusan uku ne. Ta farko ita ce a yi ta wanke samfur da ruwaye daban-daban, daga ruwa zalla, zuwa asid mai rauni, zuwa alkali, har zuwa asid mafi ƙarfi, ana auna abin da kowane wanki ya fitar. Tana aiki, amma tana cin kwanaki, tana cin sinadarai masu tsada, kuma a kowane mataki ana iya yin asara ko a canja wa zaibar siffa ba da gangan ba. Ta biyu ita ce a haska samfur da hasken ekis-re mai tsananin ƙarfi daga wata katafariyar na'ura da ake kira sinkurotoron. Wannan kam ku cire ta daga lissafi, don duk faɗin Afirka babu irinta ko ɗaya. Ta uku ita ce tamu ta yau: a ɗumama samfur sannu a hankali, a zuba ido a ga lokacin da zaiba za ta tashi.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da kaskon turaren wuta ya riga ya san tushen dabarar. Da an ɗora turare a kan garwashi, ƙamshin da ke fara tashi shi ne na man turaren da aka jiƙa itacen da shi, don shi bai kama da ƙarfi ba. Sai can daga baya ƙamshin itacen kansa ya fito, daga ƙarshe a ji ƙauri. Mai hanci ko bai kalli kaskon ba zai faɗa maka inda aka kai. Haka zaiba take. Wadda ke zaune ita kaɗai, ba abin da ya riƙe ta, da ɗan ɗumi ta tashi. Wadda kulorin ya riƙe sai an ƙara wuta. Wadda farar wuta ta ɗaure kuwa sai an ba ta wuta sosai kafin ta saki. Wato zafin da zaiba ta tashi a kansa shi ke nuna abin da ya riƙe ta, kuma da irin ƙarfin da ya riƙe ta.

Abin ba sabo ba ne. A ranar 1 ga Agusta 1774, Joseph Priestley ya tara hasken rana da madubi a kan jan garin HgO a Ingila, garin ya rabu biyu, zaiba gefe guda, wata iska gefe guda, iskar da daga baya aka raɗa wa suna oksijin. A mahaƙar Almaden ta Sifen, wadda ba a taɓa samun mai yawan zaibarta ba a duniya, gasa jan dutsen HgS aka riƙa yi, wanda ake kira sinaba, farar wutar ta tafi da oksijin a matsayin SO2, tururin zaiba ya bi ta bututu ya huce ya ɗiga. Mai haƙar zinare ma da ke ƙona dunƙulen zaiba da zinare a kan cokali ko a gwangwani, wannan ilimin yake aiki da shi: zaiba tana tafasa a digiri 357 na ma'aunin Salshiyos, zinare kuwa ko narkewa ba ya yi sai an wuce digiri 1,000. Bambancin kawai shi ne, shi yana barin tururin ya shiga huhunsa, mu kuwa muna bi da shi ta cikin na'urar awo.

Yadda na'urar take

A taƙaice murhu biyu ne da ido ɗaya. Ana ɗiban samfur ɗan kaɗan, daga miligiram gomomi zuwa ɗaruruwa, wato bai kai cikin ƙaramin cokali ba, a zuba a ɗan kwale-kwalen da aka yi da kwaz, wani irin gilashi mai jure wuta. A tura shi cikin bututu a murhu na farko. Ana hura iskar naitirojin ko agon ta cikin bututun ba tsayawa, ita ce motar da za ta ɗauki duk tururin da ya tashi. Daga nan kwamfuta ta fara ɗaga zafi daidai wa daida, misali digiri 30 a kowane minti, daga zafin ɗaki har zuwa wajen digiri 700 ko 800. Akwai ma'aunin zafi daf da samfur yana faɗin inda aka kai a kowace daƙiƙa. Ku lissafa: a wannan gudun, cikin ƙasa da rabin awa an gama. Ba asid, ba narkarwa, ba tacewa.

Murhu na biyu yana nan a tsaye a kan wajen digiri 800 tun daga farko. Aikinsa muhimmi ne, kuma shi ne abin da ake yawan mantawa a amsar jarrabawa. Ba duk zaibar da ta tashi ce ke tashi a zallarta ba. HgCl2, alal misali, yana iya tashi a matsayinsa na gishiri. Idon na'urar kuwa zalla kaɗai yake gani. Saboda haka murhu na biyu yana farfasa duk abin da ya biyo, ya mayar da shi atam-atam na Hg0, ya kuma rage hayaƙin da zai iya rikita awo.

Idon shi ne na'urar AAS da muka saba ji a darasin kayan awo. Fitilar zaiba tana fitar da haske mai tsawon zango nanomita 253.7, wanda idon mutum ba ya gani, hasken ya ratsa ta cikin tururin. Atam ɗin zaiba suna shanye wannan hasken, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon abin da za su shanye, dokar Beer da Lambert ke nan. Idan samfur yana da taki da yawa, hayaƙinsa ma yana tare haske, sai na'ura ta ɗauka zaiba ce. Shi ya sa na'urori masu kyau suke da hanyar cire wannan ruɗani, kamar gyaran Zeeman da ke cikin Lumex RA-915.

Abin da ke fitowa a allon kwamfuta zane ne: zafi a layin kwance, yawan zaibar da ke tashi a layin tsaye. Sunansa tamogiram. Za ku ga layin yana tafiya a ƙasa, sai ya hau tudu ya sauka, ya ƙara tafiya, ya hau wani. Wurin da tudu ya tsaya shi ke faɗin nau'i. Faɗin filin da ke ƙarƙashin tudun shi ke faɗin yawa.

Karatun tuddai

Jerin fitowar shi ne abin da ya kamata ku riƙe, fiye da lambobin kansu. Zallar zaiba ce ke fara fita, yawanci kafin a kai digiri 100. Wani zai ce, ai yanzu aka ce tana tafasa a 357? Haka ne, amma ba sai ta tafasa take tashi ba, kamar yadda wanki ke bushewa a igiya ba tare da ruwan ya tafasa ba. Iskar da ke wucewa tana ta kwashe tururin, ita kuma tana ta sakin wani. Bayanta sai gishirin kulorin, HgCl2 da ɗan'uwansa Hg2Cl2 da ake kira kalomel, a tsakanin digiri 100 da ɗoriya zuwa wajen 200. Daga 200 zuwa 300 nan ne kasuwa ke cika: zaibar da ke maƙale da takin ƙasa, da baƙin HgS da ake kira metasinaba, da wadda ta lafe a jikin tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa, duk a nan suke fitowa. Jan sinaba yana ba da tudu siriri mai tsini a wajen digiri 300 zuwa 350, kuma shi ne mafi sauƙin ganewa. HgO yana jan ƙafa har ya wuce 400. HgSO4 shi ne ɗan auta a fitowa, sai an doshi 600.

Bari mu yi lissafi da lambobin da muka ƙirƙira don koyo kawai. A ce an auna jimillar zaiba a wata ƙasa an samu miligiram 50 a kilo. Tamogiram ya ba da tuddai uku: na farko a wajen digiri 85 mai fili 1,200, na biyu mai faɗi a wajen 240 mai fili 5,400, na uku siriri a wajen 320 mai fili 3,400. Jimillar fili 10,000 ke nan. Na farko ya ɗauki kashi 12, na biyu kashi 54, na uku kashi 34 cikin 100. A mayar da su kan 50 ɗin nan: zalla miligiram 6 a kilo, ta tsakiya 27, sinaba 17. Yanzu rahotonka ya samu bakin magana. Shidan nan ita ce ke tashi cikin iskar da mutanen wurin ke shaƙa duk ranar da aka buɗe rana. Goma sha bakwai ɗin tana kwance, ba ta da gaggawa. Ashirin da bakwai ɗin kuwa ita ce abin sa wa ido da damina, don idan ambaliya ta kwashe ta zuwa fadama ko dam, inda laka ba ta samun iska, wasu bakteriya, musamman masu rayuwa a kan sinadarin salfet, suna iya mayar da wani ɓangarenta zaibar metil, daga nan sai cikin kifi.

Inda wannan hanya ta yi suna shi ne Idrija a ƙasar Sulobeniya, mahaƙar zaiba ta biyu a girma a duniya bayan Almaden, wadda aka yi kusan shekara 500 ana haƙa tun daga 1490. Harald Biester na Jami'ar Heidelberg ta Jamus da abokan aikinsa sun bi kogin da ya ratsa garin, suna ɗiban yashi da laka har zuwa inda ruwan ke faɗawa teku a mashigin Trieste, suna ɗumamawa. Abin da suka gani shi ne, a cikin yashi mai tsakuwa na gadon kogi, sinaba ce ta fi yawa nesa ba kusa ba: tana da nauyi, ba ta narkewa, ba ta nisa. Amma a lallausar laka da ke kwanciya a filayen ambaliya da bakin teku, kason nau'o'in da ba sinaba ba ya ƙaru sosai. Ke nan wurin da lambar jimilla ta fi girma ba lallai shi ne wurin da haɗari ya fi kusa da tukunyar miya ba. Da jimilla kawai aka auna, da ba a ga wannan ba.

Misali na biyu ya fi kama da namu. A Descoberto, wani ƙaramin gari a jihar Minas Gerais ta Burazil, zaiba ta ɓullo daga ƙasa a 2002, a wurin da aka yi wankin zinare tun ƙarni na 19. Zalla aka zubar a wancan zamani. Da masu binciken ƙasar suka ɗumama samfuran wurin, sai suka ga wani babban ɓangarenta ya riga ya rikiɗa, ya bar siffar zalla ya maƙale da ma'adinai da takin ƙasa. Wato nau'in da aka zubar ba shi ake tararwa ba bayan shekaru. Duk mai niyyar yin furojet a kan tsohon wurin wankin zinare ya riƙe wannan: sabon wuri da tsohon wuri ba za su ba da tamogiram iri ɗaya ba, kuma kwatanta su biyun kaɗai ya isa furojet mai kyau.

Inda take yaudara

Yanzu kuma sai mu rage mata farashi kaɗan, don akwai masu ɗaukar teburin zafi daga intanet su ɗora a kan zanensu kamar aya. Lambobin nan suna matsawa. Idan aka ɗaga zafi da sauri, duk tuddan suna gusawa sama su kuma haɗe da juna. Idan aka yi amfani da iska ta yau da kullum maimakon naitirojin, oksijin ɗin da ke ciki yana ƙona taki da farar wuta, tuddan su canja wuri. Ƙwayar sinaba babba tana jinkirin saki fiye da wadda aka niƙa lukui. Ita kanta ƙasar tana da ta cewa: zaiba na iya tashi daga wuri ɗaya, ta sake lafewa a jikin wata ƙwayar ƙasar, sai an ƙara wuta ta fita, ta bayyana a inda ba gidanta ba. Jar ƙasarmu mai marmara cike take da tsatsar ƙarfe, kuma tsatsar ƙarfe tana son zaiba, don haka wannan matsala tamu ce kai tsaye.

Maganin abin shi ne kowane ɗakin gwaji ya yi nasa ma'aunin kwatance. A samo kowane nau'i mai tsabta, a gauraya ɗan kaɗan da yashin kwaz, ko ma ya fi kyau da irin ƙasar wurin wadda ba ta gurɓata ba, a ɗumama a na'ura ɗaya, da iska ɗaya, da gudu ɗaya. Da waɗannan zane-zanen za a kwatanta samfur, ba da na wani ɗakin gwaji a wata nahiya ba. Kuma a ƙarshe a duba: idan aka tara abin da duk tuddan suka bayar, ya yi daidai da jimillar da aka auna daban? Idan bai yi ba, akwai inda zaiba ta zurare.

Sai matsalar cunkoson nan na digiri 200 zuwa 300. Akwai manhajojin da ke raba babban tudu zuwa ƙanana, kuma suna da amfani, amma manhaja za ta raba maka tudu gida uku idan ka ce mata uku, ta raba gida biyar idan ka ce biyar. A ganina, ɗalibin da ya rubuta "zaibar da ke maƙale da ƙasa, mai fita tsakanin 200 da 300" ya fi gaskiya, ya kuma fi sauƙin kare kansa, a kan wanda ya lissafo sunaye huɗu daga tudu ɗaya. Biester da kansa abin da ya fi dogara da shi ke nan: zalla, sinaba, da sauran da ke tsakani. Rabon nan gida uku ya isa a yanke hukunci a kan fili.

Abu na ƙarshe a nan, kuma kada a manta: wannan hanya ba ta auna zaibar metil. A ƙasa da laka yawanta ba ya cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na jimilla, sai ta ɓace a ƙarƙashin babban tudun tsakiya. Tana da nata hanyar awon daban, ta kuromatogirafi. Tamogiram zai iya nuna maka yawan zaibar da ke iya zama metil nan gaba. Ba zai ce maka kifin dam kaza yana ciwuwa ko ba ya ciwuwa ba.

Tun daga fili ake ɓata aiki

Mafi yawan kurakurai suna faruwa ne kafin samfur ya ga na'ura. Mun saba a darasin ƙasa cewa ana busar da samfur a oba a digiri 105 don cire danshi. Yi wa samfurin zaiba haka, ka gama kore tudun farko da hannunka, sannan ka zo ka rubuta cewa babu zalla a wurin. Shanya a rana ma haka. Tururin zaiba yana kusan ninkawa biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, to ku auna abin da ranar watan Afrilu za ta yi wa ƙasar da aka baza a kan tire a bayan lab. A busar a inuwa, ko a auna da danshinta, sannan a ɗebi wani kaso daban a kai oba don sanin yawan ruwan da ke ciki a gyara lissafi. Kada a zuba a leda, don tururin zaiba yana ratsa ta. Kwalbar gilashi mai murfi mai kyau, a cika ta, a ajiye a sanyi. Niƙa ma a yi shi a hankali, don turmin inji yana ɗaukar zafi.

Ba kowace makaranta ce ke da murhun da ke haɗe da AAS ba, wannan kowa ya sani. Amma akwai na'urorin auna jimillar zaiba kai tsaye, irin su DMA-80 da AMA-254, masu aiki da tsarin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa lamba 7473: a ƙona samfur, a kama zaibar a kan zinare, a sake ɗumama zinaren, a auna. Masu bincike a Jami'ar Aveiro ta Fotugal sun nuna ana iya sa irin wannan na'ura ta yi aikin mataki-mataki: a tsayar da zafi a wani wuri a auna abin da ya fita, a ƙara wuta a sake aunawa, a samfur ɗaya, har a haɗa zane. Duk wanda zai je horon SIWES a cibiyar bincike ko wani babban ɗakin gwaji, ya tambaya ko suna da irinta. Wanda kuwa AAS mai harshen wuta kaɗai ke gabansa, ya sani cewa ba ta jin zaiba sosai. Sai an haɗa mata kayan tururi mai sanyi. Narkar da samfur a buɗaɗɗen kofi a kan murhun lantarki ma hanya ce ta sallamar zaiba ta taga.

Kuma don Allah, 'yan'uwa, kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada a ɗakin kwana da risho, ko a lab ba tare da akwatin zuƙe hayaƙi ba. Tururin zaiba ba shi da launi, ba shi da wari. Iskar da ta ƙoshi da shi a digiri 20 tana ɗauke da wajen miligiram 13 a kowace mita kubik, sama da ninki 500 na iyakar 0.025 da ake amfani da ita a wuraren aiki da yawa, kuma wannan kafin a kunna wuta ke nan. Bakin bututun na'ura dole ya ƙare a cikin tarko, ko gawayin da aka jiƙa da farar wuta ko ayodin, ko ruwan famanganet mai asid. Idan ma'aunin zafi ya fashe a lab, ba a sharewa da tsintsiya, don tsintsiya farfasa ɗigon take yi ya ƙara tashi. A buɗe tagogi, a fitar da mutane, a sa safar hannu, a tattara ɗigon da kati mai kauri ko sirinji, a zuba a kwalba a rufe, a miƙa wa malamin lab.